Amsoshin Takardunku: Tarihin Ƙwallon Jami'o'in Amurka Da Masu Hasashen Zakara

TAMBAYA: Takardarmu ta wannan makon ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa a unguwar Limawa cikin garin Dutse, Jihar Jigawa. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya ce yana da ɗa a jami'a wanda kullum yake manne da waya yana kallon wata irin ƙwallo ta ɗaliban Amurka, 'yan wasa sanye da hular kwano suna ta karo da juna kamar raguna. Yaron ya faɗa masa wai tun kafin a fara gasar masana kan bayyana wanda zai ci kofi, har ma wasu samari suna zuba kuɗinsu a kai. Shi ne yake roƙo mu ba shi tarihin wannan wasa, mu kuma gaya masa ko wannan hasashe abin dogaro ne, da wanda muke ganin zai ci kofin bana.

AMSA: To Malam, mun gode da wannan takarda. Da farko dai, wannan ba irin ƙwallon da Kano Pillars ko Jigawa Golden Stars ke bugawa ba ce. Ita wannan siffar ƙwai gare ta, kuma galibi da hannu ake ɗaukarta a ruga, ko a jefa wa abokin wasa. Mutum 11 ne a kowane ɓangare. Tsawon filin yadi 100 ne, wato irin yadin nan da kuke auna shadda da shi a kasuwa. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo ana ba shi dama sau 4 ya ci gaba da yadi 10. In ya yi a sake ba shi wasu 4, in ya kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya sami maki 6, wanda kuma ya buga ta da ƙafa ta ratsa tsakanin dogayen sanduna biyu ya sami maki 3.

Asalin abin kuwa a makaranta ya faro. Ran 6 ga watan Nuwamba na 1869 ne ɗaliban jami'ar Rutgers suka kara da na Princeton a Jihar New Jersey, mutum 25 a kowane gefe, Rutgers ta ci 6 da 4. Wasan wannan rana ya fi kama da irin namu, don ba a yarda mutum ya ɗauki ƙwallo ya ruga da ita ba. A 1874 sai ɗaliban McGill ta ƙasar Kanada suka kai wa na Harvard ziyara da salon zari-ruga irin na Ingila, su kuwa Amurkawa abin ya burge su. Daga nan wani mai suna Walter Camp na jami'ar Yale ya shiga yi wa dokokin kwaskwarima. A 1880 ya sa aka mai da 'yan wasa 11, a 1882 kuma aka kawo dokar auna yadi. Shi ya sa har gobe ake kiransa uban wannan wasa.

Amma fa a wancan zamani wasan ya zo da ɗaukar rai. A shekarar 1905 kaɗai, 'yan wasa aƙalla 18 suka mutu a sakamakon raunin da suka samu a fili, har wasu makarantu suka soke shi ɗungurungum. Shugaban Amurka na lokacin, Theodore Roosevelt, ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadarsa ya ja musu kunne. A 1906 aka kafa ƙungiyar da ke kula da wasannin jami'o'i, wadda tun daga 1910 ake kira NCAA, aka kuma halatta jefa ƙwallo gaba don a rage turmutsutsu.

Yau abin ya zama babbar kasuwa. Manyan makarantu sama da 130 ne a rukuni na ɗaya, ana farawa a ƙarshen watan Agusta a ƙare a Janairu. Filin jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar 'yan kallo fiye da 107,000. A da ba a biyan ɗalibai kuɗin wasa, sai dai karatu kyauta da abinci da wurin kwana, amma daga 2021 an yarda su karɓi kuɗin talla, daga 2025 kuma makarantun kansu suna iya biyansu. Mu ma muna da namu a ciki. Christian Okoye, haifaffen Enugu, jifan faifai ya kai shi jami'ar Azusa Pacific a Kalifoniya, bai taɓa wannan ƙwallo ba sai a 1984, amma a 1989 shi ne ya fi kowa gudu da ƙwallo a gasar ƙwararru ta Amurka, da yadi 1,480.

To yanzu sai batun hasashe, wanda shi ne gundarin tambayarka. Da yake makarantun suna da yawa, kuma kowace wasa 12 ko makamancin haka take yi a shekara, ba yadda za a yi kowa ya haɗu da kowa. Saboda haka a 1936 kamfanin dillancin labarai na AP ya soma tara ra'ayin 'yan jaridar wasanni duk mako, suna jera makarantu daga ta ɗaya zuwa ƙasa. Shekaru da dama wannan jeri shi ne ke naɗa zakara, don gasar sili-ɗaya-ƙwale ba ta zo ba sai 2014 da makarantu 4, aka mai da su 12 a 2024. A 1950 ne suka fara fitar da jeri tun kafin a taɓa ƙwallo. Wannan shi ne hasashen da ɗanka yake magana. 'Yan jarida wajen 60 ne, kowa ya rubuta makarantu 25, ta ɗaya ta sami maki 25, ta ƙarshe maki 1, sa'an nan a haɗa lissafi.

Ba duba suke yi ba, ba kuma bugun ƙasa ba. Abin da suke kallo shi ne: 'yan wasa nawa ne na bara suka rage, wane ne madugun da ke jefa ƙwallo, wane ne mai horarwa, waɗanne sababbin yara aka ɗauko daga sakandare, da kuma irin abokan karawar da za a gamu da su. Ka ga kamar manomi ne da zai dubi ƙasar gona da irin da aka shuka da takin da aka zuba, ya ce wannan gona za ta yi dami kaza. Magana ce ta masani, amma bai san ranar da ruwa zai ɗauke ba, balle ranar da tsuntsu zai sauka.

Bari mu dubi yadda hasashen nan ya kasance a tarihi. Tun a karon farko, 1950, sun ɗora Notre Dame a sama, sai ga shi ta ci wasa 4, an cinye ta 4, ta yi kunnen doki 1, Oklahoma ta zama zakara. A 2007 Michigan ce ta 5 a jeri, ta gayyato wata ƙaramar makaranta ta cikin duwatsu mai suna Appalachian State don ta buɗe kaka da nasara mai sauƙi, ƙaramar ta doke ta 34 da 32 a gaban jama'arta. A 2010 Auburn ta fara a matsayi na 22 ta ƙare da kofi. A 2012 USC ce ta ɗaya, aka cinye ta sau 6, ko cikin 25 ɗin ba ta ƙare ba. Na baya-bayan nan, a 2025, Texas aka sa ta ɗaya, Penn State ta biyu. Texas ba ta shiga cikin 12 na ƙarshe ba, Penn State kuwa tun watan Oktoba ta sallami mai horarwarta. Indiana, wadda aka ajiye a ta 20, kuma aka daɗe da sanin ta da shan kashi, ita ta ɗauki kofin ba tare da an ci ta ko sau ɗaya ba. In aka haɗa duka, daga 1950 zuwa 2025 sau 11 kacal ta ɗaya a watan Agusta ta zama ta ɗaya a ƙarshe, wato kusan sau ɗaya cikin bakwai. Ta ƙarshe da ta yi haka ita ce Alabama a 2017.

Dalilin wannan kuskure ba ɓoyayye ba ne. 'Yan wasan yara ne masu shekara 18 zuwa 23 galibinsu, duk shekara wasu na gama karatu su tafi, yanzu kuma an sauƙaƙa musu canja makaranta, ta yadda ƙungiyar bara ba ita ce ta bana ba. Madugu ɗaya ya karye a mako na biyu, lissafi ya ɓaci. Sa'an nan su kansu 'yan jaridar sukan bi babban suna, kamar mai sayen da ke biyan kuɗin sunan kasuwa bai buɗe buhu ba.

Duk da haka kada a ce hasashen banza ne gaba ɗaya. Yakan gane masu ƙarfi, ko da bai gane mafi ƙarfi ba. Daga 2019 zuwa 2025 duk zakarun sun fito ne daga rukuni biyu, SEC da Big Ten: LSU, Alabama, Georgia sau biyu, Michigan, Ohio State da Indiana. Saboda haka in ka matsa mana mu faɗi namu, sai mu ce a dubi waɗannan rukuni biyu, kuma kada a yi mamaki in wadda aka ɗora a sama a watan Agusta ta tashi hannu rabbana a Janairu. Iyakar abin da tarihi ya yarda mu faɗa ke nan.

Game da samarin da ke zuba kuɗi kuwa, Malam, kai ɗan kasuwa ne, ka fi mu sanin lissafi. In wani dillali a kasuwar Shuwarin ya faɗa maka farashin riɗi na baɗi, ya kuskure sau shida cikin bakwai, ba za ka sayar da sanka ka bi maganarsa ba. Waɗanda suka ƙare rayuwarsu a bakin filin ma haka suke kuskurewa, balle yaron da ke kallo ta waya daga Limawa. Masu karɓar kuɗin cacar sun san wannan sarai, a kansa suka kafa sana'arsu. Masu iya magana sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Shawararmu ga ɗan naka ita ce ya yi kallonsa don nishaɗi, ya riƙe kuɗin makarantarsa. In sha'awar wasa yake yi, mu ma nan gida muna da gasar jami'o'i ta NUGA tun 1966 da aka fara ta a Ibadan, ga kuma Jami'ar Tarayya ta Dutse nan kusa da ku tun 2011. Shiga fili ya fi masa amfani bisa zaman jiran sakamakon wasu.