Daga akwatin Kaduna zuwa garejin Dakoro: tarihin motar haɗi

Bayan shirinmu na jiya, wani ya turo mani bidiyon wani Bature yana haɗa mota a garejin gidansa, ya ce wai a nan ba za a taɓa ganin haka ba. Dariya na yi. Bari mu ɗan koma baya.

A Ingila abin ya yi ƙarfi. A shekarar 1957 wani injiniya, Colin Chapman, ya fito da wata 'yar ƙaramar mota mai suna Lotus Seven. Ana sayar da ita gunduwa-gunduwa, mutum ya kai gida ya ɗaure da kansa. Dalili? Haraji. Motar da aka gama haɗawa ana biya mata haraji mai nauyi, wadda ta zo a warwatse kuwa ba a biya. A 1973 aka canza dokar harajin, kuma a shekarar ne kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙirar. Har yau yana sayar da ita ga masu son haɗi a gida.

To mu fa? Ku tambayi tsofaffin direbobin tasha. Peugeot 404, wadda muke ce ma kat-san-kat, ta fito a 1960, 504 kuma a 1968. A 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a cikin akwatuna motocin suke zuwa. Daga Lyon ta Faransa ake lodo su a jirgin sama zuwa Kano, a ɗauka a kai Kaduna, ma'aikata su ɗaura ƙofa, inji, ƙafafu. Wato ita ma motar haɗi ce, sai dai garejin babba ne. Wasu daga cikinsu sun tsallako ta Jibiya da Ɗan Isa suka shigo Maraɗi, daga nan suka yo arewa.

Ni da wayona na ga yadda bashe ke tashi daga Dakoro zuwa Sakabal ko Bermo, buhuna a ƙasa, mutane a sama, awaki a tsakiya. Kuma babu wadda ta kai shekara ashirin da jikinta na asali. Ina lakkol ina bi ta gaban wani gareji, na ga mota uku matattu sun zama ɗaya mai rai cikin wata biyu: shasi na wannan, inji na waccan, kabin na ta ukun. Babu littafi, babu zane. Maigidan garejin bai yi boko ba, amma kunnensa kaɗai ya ishe shi sanin abin da ke damun inji.

Inda muka bambanta da Baturen bidiyon ba hannu ba ne. Shi idan ya gama, dole ya kai motar a duba ta ciki da waje kafin a ba shi lamba. Mu kuwa, gaskiya ɗaya ce, sau da yawa lambar shasi daban, ta takarda daban, birki kuma sai an taka sau uku. Na taɓa shiga irinta daga Kornaka, direba ya ce yaron mota ya riƙe waigi a hannu saboda gangara. Muna dariya a lokacin, amma da jarirai a cikin motar.

Yanzu Toyota ta kori Peugeot daga tasha, sabbin motoci kuma sai an jona masu kwamfuta kafin a san ciwonsu. Tsofaffin makanikan da suka iya tada 504 daga kan duwatsu suna ta ƙarewa, yaransu da yawa sun koma gyaran babur. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan je da na'urar ɗaukar murya wurin biyu daga cikinsu. Wanda ke da tsohon hoton basher gidansu, ya ajiye mana a ƙasa, ya faɗi hanyar da take bi.