Daga Zabirar Wanzami Zuwa Farantin Roxy

Tashar motar Adjamé a Abidjan ba ta barci. Ƙananan motocin haya da ake kira gbaka na shiga suna fita, yaran mota na rataye a ƙofa suna ƙwala sunayen unguwanni. Ɗan taƙi kaɗan daga nan akwai Roxy, kasuwar da ta gaji sunan wani tsohon gidan silima, inda mata ke zaune gaban faranti shaƙe da ƙwayoyi, ja da kore da fari, rana tana dukansu. A nan tramol kamar goro ake sayensa. Saurayi mai lodin buhuna zai saya, dattijon da aka yi wa aikin ƙaba makon jiya shi ma zai aiko jikansa, kuma ƙwaya iri ɗaya za a miƙo musu. To, jikinsu ba ɗaya ba ne, kuma su kansu likitoci sun daɗe kafin su auna bambancin.

Mutanen arewa ba baƙi ba ne a nan. Layin dogon da Faransawa suka kira Abidjan-Nijar ya kai Bouaké a 1912, ya kai Wagadugu a 1954. Nijar ba ta ga jirgin ba. Amma mutanenta sun zo. Da aka buɗe mashigar ruwan Vridi a 1950, tashar jiragen ruwa ta soma aiki a 1951, sai 'yan cirani daga Adar da Tawa da ƙasar Zabarma suka cika Treichville da Adjamé, masu dako, masu tsire, masu goro. A cikinsu Jean Rouch ya tsinci Oumarou Ganda, ɗan dakon da ya fito a fim ɗinsa na 1958, Moi, un noir. Waɗanda suka biyo sahunsu a shekarun 1970 su ne dattawan zango a yau.

Tare da su wanzami ya zo, rataye da zabirarsa: aska, ƙaho, ɗan dutsen wasawa. Kaciya, sakiya, cire belu, duk ba a san wani abu wai shi kashe zafi ba. Ƙarti su danne mutum, aska ta yi aikinta. Karaya kuwa maɗori ne zai ja ƙashi ya ɗaure da karare. Dauriya ce maganin, kuma babba ba ya raki gaban 'ya'ya, balle surukai. Wannan tarbiyya har gadon asibiti take bin tsoho. A tambaye shi, "Baba, yaya jiki?" ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi," alhali gumi na tsattsafo masa a goshi.

An gina asibitin Treichville a 1938, lokacin mofin, maganin kashe zafi, ya riga ya tsufa a Turai. Wani Bajamushe, Friedrich Sertürner, ya tato shi daga ofiyom a wajejen 1805, sirinji ya fito a 1853, sannan fetidin, wanda ƙasashen renon Faransa suka sani da Dolosal, ya biyo baya a 1939. Awon da aka saba da shi a duniya mai sauƙi ne: a duba nauyin mutum, ko kuma a ba kowane baligi miligiram 10 na mofin duk bayan awa huɗu.

A 1971 Bellville da abokan aikinsa a Amurka suka bi majinyata 712 bayan tiyata, suka ga cewa allura iri ɗaya ta fi kama masu shekaru. A 1987 Scott da Stanski suka nuna cewa yawan fentanil, wani ɗan uwan mofin, da ake buƙata yana raguwa da rabi tsakanin ɗan shekara 20 da ɗan 89. Sai kuma binciken Macintyre da Jarvis na 1996 a Adelaide ta Ostareliya, a kan mutum 1,010 da aka ba na'urar da majinyaci ke dannawa da kansa in ya ji zafi. Sun tarar shekaru sun fi nauyin jiki nuna yawan mofin ɗin da mutum zai nema. Lissafin ma ɗan firamare zai yi shi: a cire shekarun mutum daga 100, abin da ya rage shi ne matsakaicin miligiram na kwanan farko. Ɗan 25 zai kai wajen 75, ɗan 70 kuwa 30. Matsakaici fa aka ce, don a cikin sa'o'in juna ma akwai tazara mai yawa.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Hantar tsoho ba ta da saurin sarrafa magani, ƙodarsa ba ta tacewa kamar da, sai ragowar mofin ta taru a jini ta danne numfashi. Ƙwaƙwalwarsa ma ta fi saurin amsawa. Ragowar fetidin ta fi muni, don tana kawo rawar jiki da jijjiga da ruɗewa, shi ya sa likitocin tsofaffi suka juya masa baya. Idan dattijo ya farka daga tiyata yana sambatu, yana kiran matattu, dangi kan ce gigin tsufa ne ko iska. Sau da yawa magani ne ya yi yawa. Wani lokacin kuma kaɗan aka ba shi, zafin da ya ƙi faɗa ne ya gigita shi. Ƙa'idar masu allurar barci ita ce a fara da kaɗan, a riƙa dubawa, a ƙara sannu a hankali, ba wai a hana ba.

Ta yaya Roxy ta shigo labarin? Shugaban ƙasar na lokacin, Félix Houphouët-Boigny, wanda shi kansa aikin likita ya karanta a Dakar, an yi masa tiyata a Paris a 1993, ya rasu ranar 7 ga Disamba. Makonni biyar bayan haka aka karya darajar sefa da rabi. Maganin da ake shigowa da shi ya yi tsada, talaka ya koma bakin titi. Daga baya tramol ya kwararo. Kamfanin Grünenthal ne ya fito da shi a Jamus a 1977, kuma na asibiti galibi mai miligiram 50 ne ko 100, amma na faranti har mai 225 da 250 akwai. Takardar maganin a Amurka ta kayyade 400 a rana ga baligi, 300 ga wanda ya haura 75. Ƙwaya biyu ta Roxy ta zarce duka biyun. A 2023 kuma samari suka fito da yayin "Kadhafi", suna kora irin waɗannan ƙwayoyi da abin sha mai barasa.

Abin takaicin shi ne, mofin na gaskiya shi ne ke wuyar samu. Rahoton mujallar Lancet na 2017 ya ce rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na wanda ake rabawa. Maganin ya yi ƙaranci a inda akwai mai awo, ya yi yawa a inda babu.

Dattijon da ya saba da tramol saboda ciwon baya yana jefa likita cikin tsaka mai wuya: shekarunsa na cewa a rage, sabon jikinsa na cewa a ƙara, kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba. Don haka duk wanda ya raka mahaifinsa tiyata, a Treichville ne ko a Kano, ya laluba aljihun Baba tun a gida, ya ɗauki sachet ɗin da ya samu, ya danƙa wa mai allurar barci kafin a shiga da shi.