Daga Zangon Fatake Zuwa Waldar Salansa a Parakou

Kafin zuwan mota, Djougou da Parakou zangon fatake ne a kan hanyar da ta haɗa Kano da Salaga ta ƙasar Gwanja, inda ayari ke tafiya da kanwa da tufafi ya komo da goro, kuma Djougou ce ta fi suna a wancan zamani. Layin dogo ne ya juya lamarin, domin a shekarar 1936 ya iso Parakou daga Kwatano, tafiyar kilomita 438, ya tsaya nan bai ƙara gaba ba, don haka duk kayan da za su wuce Nijar sai an sauke su an ɗora wa mota. A shekarun 1950 Faransawa suka tsara fitar da gyaɗar Maradi da Damagaram ta wannan hanya, shirin da suka kira Opération Hirondelle, aka gina gadar Malanville a kan kogin Kwara, sannan a 1959 aka kafa hukumar sufuri ta haɗin gwiwar Dahome, ƙasar da Parakou ke ciki a lokacin, da Nijar. Manyan motoci irin su Berliet suka cika garin, kanikanci da walda suka samu gindin zama, kamar yadda garejojin unguwanni irin su Zongo da Ganou ke nunawa har yau.

Cikin ayyukan masu waldar akwai gyaran salansa. A tsofaffin injuna aikin salansa bai wuce fitar da hayaƙi da rage ƙara ba, shi ya sa idan gargada ta tsaga ta, mai walda kan yanko ƙarfe ya liƙe, direba ya kama hanya. Zuwan tabo ne ya ɗaga darajar aikin. Tabo, wanda Alfred Büchi na ƙasar Suwizalan ya yi wa rajista a 1905, farfela biyu ne a kan sanda ɗaya, hayaƙi na juya ta farko, ta biyun kuma na tura iska cikin injin don mai ya ƙone sosai. Tunda zafin hayaƙi da matsinsa su ne abincinsa, kamfanoni kan manne shi a jikin mahaɗa, wato ƙarfen zubin da ke tattara hayaƙin kowace silinda zuwa baki ɗaya. Tsagar da a da ba ta hana tafiya yanzu ɓarna ce idan a jikin mahaɗa take, ana gane ta da baƙin toka a gefen gasket da wani siririn fito idan an taka mai, ga mota ta kasa hawan tudu da lodi.

Akwai kuma tsarin ɗaure tabo a bayan mota, kusa da bakin salansa, wanda jirgin yaƙin Amurka P-47 ya yi kamarsa a Yaƙin Duniya na Biyu, da tabonsa a bayan matuƙi, kafin masu ƙara wa ƙananan motoci ƙarfi su ɗauke shi saboda rashin wuri a gaba. A nan zaɓen mahaɗa ke da wuya, domin dogayen bututu masu faɗi da siririn jiki, waɗanda ke taimakon injin da ba shi da tabo, suna zubar da zafi tun kafin hayaƙi ya yi nisa, sai farfela ta yi nawar tashi. Gajeriyar mahaɗa mai kauri, ko ma ta zubi da motar ta zo da ita, ta fi riƙe zafi, musamman idan an naɗe bututun an kuma guji faɗaɗa shi. Tsarin na buƙatar famfo na dabam da zai mayar da baƙin mai zuwa injin, kuma tabon da ke rataye ƙasa-ƙasa ba zai ji daɗin jar ƙurar hunturu da ruwan kwazazzabai na daminar yankin Parakou ba.