Hamsu: Ma'ana da Tarihin Kalmar daga Sibawaihi zuwa Ilimin Furuci na Zamani

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin kalmar hamsu, wadda malaman Larabci da na tajwidi ke kiran sautukan da numfashi ke gudana tare da su. An duba ma'anarta a lugga, da yadda ta zama keɓaɓɓiyar kalma a hannun Sibawaihi, da saɓanin da ya taso lokacin da aka daidaita ta da rashin ziza, wato rashin kaɗawar tantanin maƙwallato. An kuma kawo shaida daga kalmomin da Hausa ta aro daga Larabci. Maƙalar ta gano cewa gudanar numfashi ita ce ginshiƙin ma'anar kalmar.

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna gaban malamin tajwidi ya haddace sifofin haruffa masu kishiya, kuma jahru da hamsu ne ake fara biya masa. Idan ya shiga jami'a sai a gaya masa cewa jahru shi ne ziza, hamsu kuwa rashinta. Tambayar da wannan bincike ya ɗora a kai ita ce: shin abin da magabata suke nufi ke nan? An bi hanyar kwatanta bayanan magabata da na masana furuci na zamani.

2.0 Ma'anar Kalmar a Lugga

A ƙamusoshin Larabci, hamsu na nufin sauti ɓoyayye, kamar raɗa ko sassauƙan takun ƙafa. Daga wannan tushe ne Larabawa suka yi wa zaki laƙabi, saboda sanɗarsa. Kalmar ta zo a Alƙur'ani, Suratu Ɗaha, aya ta 108, inda masu tafsiri suka fassara ta da takun ƙafafu zuwa filin tsayuwa, wasu kuma da ƙasa-ƙasa da murya.

3.0 Hamsu a Wajen Magabata

Sibawaihi, malamin nahawun Basara wanda ya rasu wajen 180 Hijira (796 Miladiyya), shi ne ya ba kalmar ma'anarta ta ilimi a babin idgami na ƙarshen littafinsa. Ya kasa haruffa 29 gida biyu: 19 masu jahru, 10 masu hamsu. Goman su ne ه ح خ ك ش س ت ص ث ف. A bayaninsa, harafi mai hamsu shi ne wanda aka sassauta dogaro a mafitarsa har numfashi ya gudana tare da shi, mai jahru kuwa an ƙarfafa dogaron har numfashi ya tsaya. A wani babin, na waƙafi, ya ambaci sautin ƙirji da ke rakiyar wasu haruffa, saɓanin masu hamsu da ke fita da huci.

Ibnu Jinni (rasuwa 392 Hijira) ya ɗauki wannan bayani kusan yadda yake. Malaman tajwidi irin su Makki bin Abi Ɗalib (rasuwa 437) da Abu Amrin Addani (rasuwa 444) suka shigar da shi cikin faninsu, sannan Ibnul Jazari (rasuwa 833) ya ƙulla shi a baitocin Muƙaddimarsa, wadda har yau ake haddacewa a makarantun Islamiyya na ƙasar Hausa. Matsalar da ta ɗan tsaya wa malamai ita ce ta haruffan kaf (ك) da ta (ت): ta yaya harafi zai zama mai shidda, wato sauti ya toshe, kuma mai hamsu? Almar'ashi, a ƙarni na 12 na Hijira, ya warware ta da cewa shidda tana farkon furucin, hamsu yana ƙarshensa. Wannan shi ne ɗan hucin da ke biyo bayan buɗe mafita.

4.0 Saɓanin Masana na Zamani

Magabata ba su ambaci tantanin maƙwallato ba. Aikinsa wajen samar da murya ya fito fili ne bayan binciken Antoine Ferrein a Faransa a 1741, da madubin duba maƙogwaro na Manuel García a 1854. Da masana suka koma wa Sibawaihi da wannan sani, yawancinsu, har da Ibrahim Anis na Masar, sun ɗauki hamsu a matsayin rashin ziza. Haruffan nan goma duka marasa ziza ne, don haka fassarar ta yi daidai ta wannan ɓangare.

Inda gizo ke saƙar shi ne ق da ط da hamza. Sibawaihi ya sa su cikin masu jahru, alhali a karatun yau ba su da ziza. Amsa biyu aka bayar. Ta farko ita ce furucin ne ya sauya: Sibawaihi da kansa ya nuna cewa in aka cire wa ط kaurinta, dal za ta koma, kuma Larabawan ƙauye da dama, har da Shuwa na Barno da Chadi, suna furta ق kamar g. Sai dai wannan amsa ba ta taɓa hamza ba, domin tantanin da ya rufe ruf ba ya kaɗawa. Amsa ta biyu, wadda Heselwood da Maghrabi suka ƙarfafa da awon na'ura a 2015, ita ce rabon na Sibawaihi ya ginu ne a kan buɗewar maƙwallato: idan a buɗe yake numfashi ya wuce, hamsu ke nan, idan a matse yake ko a rufe, da ziza ko babu, jahru ne. Da wannan ma'auni haruffan uku sun zauna daram inda ya ajiye su.

5.0 Shaida daga Kalmomin Aro na Hausa

Bahaushe ya raba waɗannan haruffa tun kafin a ƙirƙiri na'urar awon sauti. Kaf da ta sun shigo masa a matsayin k da t, kamar a kalma da tuba. Amma ق ta zama ƙ a alƙalami, alƙali da ƙabila, ط kuma ta zama ɗ a ɗalibi, ɗabi'a, sharaɗi da haɗari. Haka ma ake rubuta su a ajami. Sautin ƙ tunkuɗau ne maras ziza, ɗ kuwa haɗiyau ne mai ziza. Ke nan ziza ba ita ta haɗa su ba. Abin da ya haɗa su shi ne maƙwallato na tsukewa ya hana iskar huhu kwarara. Akwai togaciya, kamar kabari, inda ق ta zama k, kuma hanyar da kowace kalma ta biyo ta shigo Hausa tana da tasiri. Duk da haka, rinjayen misalan ya fi dacewa da amsa ta biyu.

6.0 Kammalawa

Binciken ya nuna cewa hamsu ya tashi daga ma'anar ɓoyayyen sauti zuwa sunan rukunin haruffa goma, kuma tun daga Sibawaihi har Ibnul Jazari numfashi ne ma'auninsa. Fassara shi da rashin ziza ta dace da haruffan goma, amma tana sa a ɗora wa magabata kuskure a kan haruffa uku. Don haka ana ba masu rubuta littattafan tajwidi da na tsarin sauti cikin Hausa shawarar su kira masu hamsu sautuka masu numfashi, su bar kalmar ziza ga kaɗawar tantanin maƙwallato kaɗai.