Niƙabi da Tsaro: Muhawarar Hana Rufe Fuska

Muhawarar hana rufe fuska ita ce taƙaddamar da ake yi kan ko gwamnati tana da hurumin hana mata Musulmi sanya niƙabi a bainar jama'a da hujjar tsaron ƙasa. A yankinmu maganar ta yi zafi ne a shekarar 2015, lokacin da Boko Haram ta yawaita ɗaura wa mata da 'yan mata bama-bamai, har ƙasashe uku da ke kewaye da Tafkin Chadi suka kafa dokar hani. Nijeriya ba ta kafa irin wannan doka a matakin tarayya ba, amma batun yakan sake tasowa duk sa'ad da aka kama wani da makami a ƙarƙashin suturar mata.

Suturar da ake magana a kanta iri-iri ce. Gyale da mayafi su ne tsofaffin kayan lulluɓin matan Hausawa. Hijabi, wanda ya bazu tun daga shekarun 1980 ta hanyar makarantun Islamiyya, yana rufe kai da jiki ya bar fuska a buɗe. Niƙabi kuwa ƙyalle ne da ake ɗaurawa a fuska a bar idanu kawai, galibi a haɗa shi da safar hannu da ta ƙafa. Abin da ya fi shahara a mazhabar Malikiyya shi ne fuska da tafukan hannu ba al'aura ba ne, amma akwai malaman da suke wajabta rufe fuska, kuma matan da ke bin wannan fatawa ibada suke yi.

Rahotanni sun nuna cewa mace ta farko da ta kai harin ƙunar baƙin wake a Nijeriya ta yi hakan ne a bakin barikin soja na Gombe a watan Yunin 2014. A ƙarshen Yulin shekarar aka jera irin waɗannan hare-hare a Kano, ciki har da na gidan mai a Hotoro da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jihar, sannan a Disamba aka kai na kasuwar Kantin Kwari. A wancan lokaci mace mai dogon hijabi takan ga mutane suna darewa idan ta nufo tasha ko kasuwa. Da yawa daga waɗanda aka ɗaura wa bam ɗin kuwa yara ne da aka sace ko aka tilasta.

Chadi ce ta fara ɗaukar mataki mai tsauri. Bayan hare-haren 15 ga Yunin 2015 a Njamaina, gwamnati ta haramta rufe fuska a duk faɗin ƙasar, ta kuma umarci jami'an tsaro su shiga kasuwanni su kwashe niƙabin da ake sayarwa su ƙone. Ba a yi wata guda ba, ranar 11 ga Yuli, wani namiji ya yi shigar mata ya rufe fuska ya tayar da bam a ƙofar babbar kasuwar birnin, mutum goma sha biyar suka rasu. Masu goyon bayan dokar suka ce ga hujjarsu nan. Masu adawa suka ce doka tana aiki aka kai harin, ba ta kuwa hana shi ba. Kamaru ta kafa nata hanin a lardin Arewa Mai Nisa a watan Yuli, bayan harin Fotokol, Nijar ma ta kafa a jihar Diffa a ƙarshen watan. A Disamba shugabannin ECOWAS da suka yi taro a Abuja suka shawarci ƙasashe mambobi su ɗauki mataki kan suturar da ke hana a gane mutum.

A Nijeriya maganar ta fito fili ne ranar 30 ga Disambar 2015, a hirar da Shugaba Muhammadu Buhari ya yi da 'yan jarida, inda ya nuna cewa idan hare-haren suka ci gaba za a iya duba hana hijabi. Ƙungiyoyin Musulmi suka yi ca, fadar shugaban ƙasa kuma ta fito ta bayyana cewa ba a hana komai ba. Abin lura shi ne hijabi aka ambata, wato suturar miliyoyin mata, tun daga 'yar firamare har tsohuwa mai sayar da ƙosai. A nan raunin hujjar tsaro ya bayyana. Bam a ƙugu ko a ƙirji ake ɗaura shi, ba a fuska ba. Babbar riga tana iya ɓoye shi, zane da mayafi ma haka, har goyon ƙarya an yi amfani da shi. Idan ɓoye makami ake gudu, hana niƙabi bai isa ba. Idan kuwa gane fuska ake so, hijabi bai hana ba.

Duk da haka masu neman hanin ba su rasa abin faɗa ba. Jami'in da ke tsaye a shingen bincike yana buƙatar ya haɗa fuska da katin shaida, kuma a al'adarmu namiji ba ya ce wa matar wani ta yaye lulluɓi, balle ya laluba jikinta. Wannan kunyar ce miyagu suke fakewa da ita. Suna kuma kafa hujja da cewa ƙasashen Musulmi ma sun taɓa lamarin: Maroko ta hana ɗinkawa da sayar da burƙa, suturar da ke rufe fuska, a 2017, Tunisiya ta hana shiga ma'aikatun gwamnati da niƙabi a 2019. Dokar Faransa ta 2010 kuwa ba ta da farin jini a nan, domin akasarin Musulmi suna ɗaukarta a matsayin takura wa addini.

A Zamfara lamarin ya sha bamban. A Gusau ne Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a ranar 27 ga Oktoban 1999, kuma tun daga lokacin hukuma ƙarfafa sutura take yi, ta hanyar wa'azi da aikin Hisba. Matsalar tsaron jihar kuma ta 'yan bindigar daji ce, masu satar shanu da garkuwa da mutane da ɗora wa ƙauyuka haraji. Fuskar da mutanen Tsafe suke tsoro a kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa ta namiji ce, wanda ya naɗe kansa da rawani ya bar idanu, su uku a kan babur da bindiga a kafaɗa. Irin waɗannan ne suka shiga Sabon Gida a ƙaramar hukumar Bunguɗu a watan Satumban 2023 suka kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, mafi yawansu mata. Rufe fuska ga maza ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa: sarakuna suna jan amawali, Buzaye suna rufe baki da hanci, ɗan acaɓa yana naɗe fuska saboda ƙurar hunturu. Dokar da za ta hana rufe fuska da gaskiya sai ta shafi duk waɗannan.

Manyan 'yan bindigar ma ba ɓoyayyu ba ne. A watan Yulin 2022 aka naɗa Ado Aleru sarautar Sarkin Fulani a masarautar 'Yandoto da ke yankin Tsafe, a gaban taron jama'a da rana tsaka, abin da ya sa gwamnatin jiha ta dakatar da sarkin da ya naɗa shi. An san sunansa, an san fuskarsa, an san dajin da yake zaune.

Da gwamnatin Bello Matawalle ta tsaurara matakai a watan Satumban 2021, abin da ta auna shi ne hanyoyin da 'yan bindigar daji ke samun abinci da labari. An katse layukan waya, an rufe kasuwannin mako-mako, an hana sayar da fetur a jarka, an taƙaita zirga-zirgar babura da safarar dabbobi. Talakawa sun sha wuya, kamar yadda mutanen Diffa suka sha lokacin da aka hana su babura da cinikin kifi da tattasai. Inda suturar mata ta shigo a Zamfara shi ne safara: 'yan sanda sun sha gabatar da matan da aka kama suna kai wa 'yan bindiga harsasai. Wannan matsala ce ta gaske, kuma bincike ne maganinta. Mace jami'a a shinge, da ɗan labule ko rumfa a gefen hanya, za ta duba fuska ta duba kaya ba tare da an ci mutuncin kowa ba. Haka ake yi a filayen jirgin sama lokacin jigilar alhazai, kuma malaman da suka wajabta niƙabi ma sun yarda a buɗe fuska idan lalura ta kama, kamar wajen ba da shaida ko neman magani.

Ta fuskar doka, sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin yin addininsa, sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita wannan 'yanci saboda tsaro ko lafiyar jama'a, matuƙar dokar tana da hujjar da hankali zai karɓa a ƙasar dimokuraɗiyya. Ranar 17 ga Yunin 2022 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan biyu, ta tabbatar wa ɗalibai mata a makarantun gwamnatin Legas 'yancin sanya hijabi. Hukuncin bai yi magana kan niƙabi ko tsaro ba, amma ya nuna cewa duk gwamnatin da ta taɓa suturar addini sai ta kawo hujja mai ƙarfi a gaban alƙali.

Jami'an tsaro a Zamfara sun fi buƙatar mutanen gari su riƙa tsegunta musu wanda ke sayen buhunan burodi da jarkokin mai da daddare. Magidancin da aka yaye wa matarsa niƙabi a gaban maza a bakin shinge ba zai kawo wannan labari ba.