Birtaniya da Ayilan: Haƙƙin Maƙwabta Bayan Rabuwa

A shekarar 1922 gundumomi 26 daga cikin 32 na tsibirin Ayilan suka ɓalle daga Birtaniya suka kafa ƙasarsu, shida na arewa suka ci gaba da zama ƙarƙashin Landan. Sabuwar iyakar, mai tsawon kusan kilomita 500, ta ratsa ƙauyuka da gonaki, ga kuma ɗimbin 'yan Ayilan da ke ci-rani a biranen Ingila. Gwamnatocin biyu suka ga neman fasfo tsakaninsu ba zai haifi ɗa mai ido ba, don haka tun 1923 suka daidaita a bar jama'a su riƙa kai da kawo. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse tsarin a 1939, ba a maido da shi sosai ba sai 1952.

Babban gwajin ya zo a 1949, lokacin da Ayilan ta zama jamhuriya ta fice daga ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila. Bisa al'ada, da 'yan ƙasar sun koma baƙi a Birtaniya. Sai majalisar dokokin Landan ta yi doka a shekarar cewa ba za a ɗauki Ayilan a matsayin baƙuwar ƙasa ba, kuma wannan hangen nesa ne ya tsare gidaje da sana'o'in iyalai masu yawa. Ɗan Ayilan ya ci gaba da zama da aiki a Birtaniya, har da jefa ƙuri'a a zaɓen majalisa. A 1973 ƙasashen biyu suka shiga ƙungiyar Turai rana ɗaya. Yarjejeniyar Belfast ta 1998 kuma ta bai wa mutanen Arewacin Ayilan damar zama 'yan Birtaniya, ko 'yan Ayilan, ko duka biyun.

Da Birtaniya ta zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai ranar 23 ga Yuni, 2016, sai aka farga cewa akasarin waɗannan haƙƙoƙi a kan al'ada da dokokin cikin gida suka dogara. Ranar 8 ga Mayu, 2019, gwamnatocin suka sa hannu a takardar fahimtar juna wadda ta zayyana 'yancin zama, aiki, karatu, jinya, tallafin gwamnati da zaɓe. Birtaniya ta fita ranar 31 ga Janairu, 2020, ta kuma shigar da matsayin 'yan Ayilan cikin dokarta ta shige da fice a shekarar. Sauran 'yan Tarayyar sai da suka nemi izinin zama kafin 30 ga Yuni, 2021, amma ba a wajabta wa 'yan Ayilan ba.

Raunin tsarin shi ne takardar 2019 ba yarjejeniya ce da kotu za ta tilasta bi ba. Kowace majalisa na da ikon sauya dokarta.