Rinin da Ya Ƙi Barin Jiki

Ran da za a yi wa mahaifiyata hoton ciki, ma'aikaciyar da ta ɗaura mata allurar rini ta ce, "Hajiya, za ki ji ɗumi ya ratsa ki, kada ki tsorata. Ki sha ruwa sosai, fitsari zai wanke shi." Maganar wankewar nan ce ta tsaya mini a rai, domin an yi zamanin da rinin likitoci ba ya wankuwa.

A 1927, a birnin Lisbon, likita Egas Moniz ya fara ɗaukar hoton jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa. Ruwan aidin da yake ɗurawa yana galabaitar da marasa lafiya, don haka a 1931 ya koma ga wani rini mai suna Thorotrast, wanda kamfanin Heyden na Jamus ke yi. Hoto ya fito tangaran, majinyaci ya tashi garau. Wa zai ga laifinsa?

Ashe gubar tana kwance a ciki. Da ma'adinin toriyam aka haɗa shi, mai fitar da tururin nukiliya, wanda sai ya shekara kusan biliyan 14 kafin rabinsa ya lalace. Jiki ba ya iya fitar da shi. Sai ya tare a hanta da saifa da ɓargo, yana cin su sannu a hankali. In kuma allura ta kuskure jijiya ya tsiyaya cikin naman wuya, bayan shekaru wurin ya ƙulle ya yi tauri, ya shaƙe jijiyoyi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, tun 1932 ƙungiyar likitocin Amurka ta yi kashedi a kansa. A 1947 aka ba da rahoton wata mata a Boston da sankarar hanta ta kashe, shekara 12 bayan allurar. Duk da haka ba a daina ba sai cikin shekarun 1950.

Da yawa daga majinyatan ba su ma san abin da aka ɗura musu ba. Daga baya, a ƙasashe irin su Jamus, aka riƙa kwantar da su ƙarƙashin na'urar auna tururin nukiliya, jikinsu da kansa yana ba da shaida. Har numfashinsu aka auna, aka samu iskar da toriyam ke saki.

Mahaifiyata rinin aidin na zamani aka yi mata, bayan an gwada ƙodarta. A daren nan ni na zauna kusa da ita, ina cika mata moɗa.